Farfesa Fratangelo da Burodi Mai Rubutu

Kowace Alhamis, tun rana ba ta yi zafi ba, za ka tarar da Farfesa Ermete Fratangelo a tasha yana jiran motar ƙauyen Valdarca. Gahawarsa kurɓi guda ce, a tsaye yake sha, ya goge baki, ya rungume tsohuwar jakarsa ta fata kamar wani zai fizge. Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka littattafai ne a ciki. Ina! Madubi ne, da ɗan burushi mai laushi, da tocila. Direbobin hanyar sun zo sun wuce, motar ma an canza ta, amma kujerar bayan direba tasa ce. Baƙon da ya yi kuskuren zama a kai, fasinjoji ne ke tashinsa kafin Farfesa ya buɗe baki.

A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki a jami'ar birninmu, bayan shekara arba'in da ɗoriya yana koyar da Latin da Girkanci na da. Ba ku taɓa ganinsa a talabijin ba, kuma ba na jin za ku gani. Aikinsa karanta rubutun da Romawan da suka sassaƙa a jikin duwatsu, yawanci na kaburbura, waɗanda mutanen baya suka kwashe suka sa a bangon coci, ko dokin ƙofa, ko komin shayar da tumaki. Mu da muka zauna a ajinsa mun haddace maganarsa: "Manya suna da masu rubuta musu tarihi. Talaka layi uku ya samu a dutse, to ai ko waɗannan a karanta masa."

Amma in ka tambayi mutanen Valdarca, ba za su yi maka zancen aji ba. Zancen burodi za su yi maka.

Yana sabon malami ya fara zuwa ƙauyen duba bangon cocinsu, yunwa ta kora shi gidan burodi ɗaya tilo na garin, na wata mata da ake kira Donna Splendora. Ta miƙa masa ƙaton burodi mai zafi. Yatsunsa suka ji wani gurzo-gurzo a ƙasa, sai ya juya shi ya kifa a kan kantar shagon. Ga haruffa nan sun fito ɓaro-ɓaro, amma a birkice.

Kowa a ƙasar nan ya san ba a kifa burodi. Tun muna yara ake buge mana hannu a kan haka. Abincin Ubangiji ne, kifa shi raini ne, kuma tsiya yake ja wa gida.

"Kai!" in ji Donna Splendora. "Ɗan gidan wa ne kai? A gidanku haka ake yi wa abinci?"

"Donna, rubutu ne a jikinsa."

"Ko zane ne, mayar da shi daidai ka sumbace shi. Ga ka da tabarau kamar mai hankali!"

Ya mayar, ya sumbata, ya roƙi ta nuna masa inda take jera kwaɓin. Nan fa ta kama ƙugu. "Mutanen birni! Kakana ya nuna wa irinku wani gunki da ya haƙo a gona, yau ko hotonsa ba mu da shi. Kama hanya, yaro."

Abin da ta hana shi gani wani faffaɗan dutse ne a ɗakin ciki. A kansa ake jera curin kwaɓi ya kumbura kafin a sa a tanderu, kowane curi kuwa yakan kwashi haruffan da ya zauna a kai. 'Yan garin sun daɗe suna cin Latin ba su sani ba, don ba wanda ke juya burodi balle ya duba.

Wani da ya yi fushi, ko ya koma da hukuma. Ermete sai ya zama ɗan ciniki. Kowace Alhamis ya zo ya sayi abin da hannunsa zai iya ɗauka, ya kai gida. A gidan ma bai tsira ba, don matarsa Ornella ta ce, "Kifa burodi a kan teburina? Sai dai ka je ofis ka yi haukarka." Da ya rasa mafita, ya ari madubin kwalliyarta ya shimfiɗa a tebur, ya riƙe burodin a sama, fuskar burodin na kallon rufi yadda ya kamata. Sai ga haruffan a madubi sun miƙe daidai. Burodi bai kifu ba, karatu ya samu. Abin da ya rage shi ne cinyewa, kuma a shekarar nan Ornella ta dafa miyar busasshen burodi har maƙwabta suka fara ɓuya in sun hango ta da kwano.

Wata Alhamis ya manta kansa, ya ciro madubin a kan kantar Donna Splendora. Ta tsaya tana kallon wannan dogon mutum ya ɗaga burodi sama da hannu biyu yana leƙen madubi. Ta yi dariya har da hawaye. "Wannan ko mahaukaci ne ko ɗan kirki," ta ce. "Shigo, amma goge ƙafarka."

Ya share garin da ke kan dutsen da burushi, ya haska tocila daga gefe, ya karanta mata. Wani miji ne ya kafa wa matarsa, 'yantacciyar baiwa mai suna Felicula. Ya ce sun zauna shekara da shekaru ba su taɓa sa-in-sa ba, ya kuma roƙi duk mai wucewa ya tsaya ya kira sunanta.

"Ba su taɓa faɗa ba?" in ji Donna Splendora. "To ko kurma ne ko maƙaryaci."

Sai dai a layin ƙasa akwai sunan wani tsohon gari da masana suka daɗe suna gardamar inda yake. Ermete ya ƙura wa layin ido. Donna ba ta iya Latin ba, amma ta iya karanta fuska. "Na san wannan kallon," ta ce. "Za su zo da mota su ɗauke." A kan dutsen nan uwarta da kakarta suka yi sana'a, kuma a jikinsa aka ɗora bangon tanderu. Cire shi na nufin rushe gidan burodin.

"Donna Splendora, muddin ina numfashi dutsen nan ba zai bar ɗakin nan ba."

"Alkawari kaya ne fa, Farfesa."

"Na ɗauka."

Kayan kuwa ya yi nauyi. A shekarar aka buɗe gasar kujerar cikakken farfesa. Abokansa suka yi ta zuga shi ya buga abin da ya gano, kujera ta zama tasa. Shi kuwa ya san ranar da labarin ya fita a mujallar masana, ranar motar ɗaukar dutse za ta kama hanyar Valdarca. Bai ɓoye wa hukuma ba, don doka doka ce, da ƙafarsa ya je ya kai rahoto. Daga nan ya shiga hawa da saukar benayen ofisoshi, yau a ce gobe, gobe a ce shugaba ya tafi hutu, yana roƙon a bar dutsen inda yake a hannun mai shi. Sai da aka amince sannan ya buga. A lokacin kujera ta daɗe da samun mai ita, waɗanda suka biyo baya ma suka wuce shi. Da mataki ɗaya ƙasa zai yi ritaya. Har yau abin yana ci mini rai, na kuwa faɗa masa. Ornella takan tsokane shi cewa ya musanya kujera da burodi, shi kuma ya ce ai kujera ba ta ciyuwa.

Kai ne, Farfesa, wanda ya nuna mana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, kai kuwa har da burodi ka haɗa. Kai ne ba ka taɓa ɗaukar ɗalibi ɗan ƙauye a matsayin ɗan rakiya ba. Kai ne ka sa mu durƙusa a gaban kabarin baiwa da ladabin da wasu ke ajiye wa manya, ka kuma koya mana gaida masu gida kafin mu gaida bangonsu.

Bara alkawarin ya sake shiga gwaji. An gina sabon gidan tarihi a birni, ana son dutsen a tsakiyar babban zaure cikin gilashi. Donna Splendora yanzu ta tsufa tukuf, a kujera take wuni bakin ƙofa, jikarta Tiziana ce ke riƙe da tanderu. Shugabar gidan tarihin kuwa tsohuwar ɗalibarsa ce. Bai yi mata gardama ba. Cewa ya yi ta biyo shi motar Alhamis, ya tsayar da ita a gefen masu sayen burodi.

"Tiziana, ba ni burodin da ya kwashi sunan Felicula," in ji wata mata.

"A'a, ke kika ɗauka jiya!" in ji wani tsohon makiyayi. "Felicula tawa ce yau, ke ki tafi da maƙaryacin mijin."

Farfesa ya dubi ɗalibarsa. "Mutumin nan abu ɗaya ya roƙa, a kira sunanta. A nan ana kira kafin karin kumallo, har da faɗa a kai. A cikin gilashi fa?"

"Kai ka koya mana tsare dutse, Farfesa. Danshin kwaɓi yana cin haruffan."

"Yana ci, ban musa ba. Amma a hankali yake ci, kuma Felicula ba ita kaɗai take tsufa ba, cikin mutane take."

Ta sake duban masu sayen burodin. A ƙarshe kwafin dutsen aka zuba aka kai birni, na ainihi ya zauna. Ita ma da burodi biyu ta koma.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne idanunsa sun fara gajiya. Alhamis ɗin da ta wuce ya shimfiɗa madubi a kan kantar shagon kamar kullum, ya ɗaga burodin, ya daɗe yana leƙe. Ya goge tabarau, ya sake leƙawa. Donna Splendora ta dogara sanda ta miƙe.

"Kaka, zauna kada ki faɗi," in ji Tiziana.

"Rufe mini baki."

Ta karɓi burodin daga hannunsa. Matar da ta shekara tamanin tana buge hannun yara, ita da kanta ta kifa shi a kan kantar, ta kama yatsunsa ta ɗora a kan haruffan. "Karanta, yaro," ta ce. "Allah ya san ba raini ba ne."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya kira sunan a hankali. Sannan ya mayar da burodin daidai ya sumbace shi.

Mun gode, Farfesa Fratangelo. Allah ya ƙara lafiya, ya bar mana kai da Ornella. Ku kuma masu tasowa da ke haƙilon kujera, ku nema, ba laifi ba ne. Amma in kun ɗauki alkawari a hanya, kada ku sauke shi don ku yi sauri. Mai shakka ya shiga motar Alhamis. Dutsen yana nan, tanderu na ci, kuma kujerar bayan direba da mai ita.