Inda Bukkarmu Take

Shekarar da na dawo Makka daga karatun aikin gona a Hartum, na tarar an rushe bukkokin kwanon da muka fara zama a cikinsu a gefen unguwar Mansur. Sai fili da duwatsu. Mahaifina ya rasu, maƙwabta sun watse, Inna ta koma ɗaki ɗaya a unguwar Rusaifa. Roƙonta guda ne: in nuna mata inda bukkarmu take, domin a can ta haifi ƙanwata, a can kuma yarinyar ta rasu. Sau biyu na kai ta filin, ta kasa gane wurin.

Na taɓa karantawa a wata mujalla cewa a ƙasashen ƙanƙara na can ƙarshen arewacin duniya, masu binciken kufai kan gwada ƙasa su gane inda mutane suka zauna. Toka da ƙasusuwa da kashin dabbobi suna barin wani sinadari, fosfet, wanda ba ya saurin gushewa. In aka ɗiga wa ƙasar magani a kan takarda, sai takardar ta yi shuɗi. Ban tabbata zai yi a nan ba, amma na ce bari in gwada.

Ɗakin gwaji yana Jidda, ni kuwa na ji malamai ba sa son a fitar da ƙasar Harami daga Makka. Sai na sayo magungunan na kawo gida. Kwana uku ina bin filin ni kaɗai bayan la'asar, ina ɗibar ƙasa da cokali, ina ƙullewa, ina rubuta inda na ɗebo kowane ƙulli.

Da na gwada, duk takardun suka yi shuɗi, har ta ƙasar da na ɗebo a bakin titi don kwatance. A ƙasashen ƙanƙara mutane kaɗan ne a fili marar iyaka. Nan kuwa da wuya a sami takun ƙasar da wani alhaji bai hura wuta ko ya yanka rago a kai ba. Ya kamata in yi wannan tunanin tun farko.

Inna tana zaune a tabarma tana kallon takardun.

"To, ɗan nan, wacce ce tamu?"

Na ce mai yiwuwa ta tsakiyar ce, amma ba zan iya rantsuwa ba, na shiga yi mata bayani. Ta saurara har na gama, ta ce ma'alesh, ba komai, ta tashi ta ɗora shayi. Ba ta ƙara tambaya ba.

Washegari na mayar da ƙasar, kowane ƙulli inda na ɗebo shi. Har yau ina tambayar kaina: da na ɗora yatsa a kan ɗaya na ce mata nan ne, da ƙarya na yi?