Dutsen Khala Nagiba

Ku da kuka tashi kuka tarar da shago a kowane lungu, ba ku san layi ba. Ku matso in ba ku labarin Khala Nagiba, wato Inna Nagiba, maƙwabciyarmu a unguwar Kirita, nan cikin birnin Adan.

Zamanin mulkin jam'iyya ɗaya komai na gwamnati ne. Shinkafa, sukari, man girki, duk sai a kantin gwamnati, shi ma sai ranar da mota ta kawo. To wa zai iya tsayuwa cikin zafin ranar Adan? Sai kowace mace ta ajiye dutse a layi, ta koma ta ɗora girki. Dutsenki shi ne ke. Wata ta shafa wa nata lalle, wata ta ɗaura masa tsumma.

Ita Nagiba ba ta komawa gida. Wa za ta tarar? Mijinta ya fita aiki tashar jiragen ruwa ranar da manyan jam'iyya suka yi faɗansu da bindigogi, bai dawo ba, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba. Sai ta zauna a gindin bango da butar shayinta mai madara, tana gadin duwatsu. Nata baƙi ne mai huji-huji, daga tsaunin Shamsan.

"Ke Ulfat, na ga ƙafarki! Mayar da dutsenki baya," in ji Nagiba.

Ulfat ƙawarta ce, tana ɗinki a masana'antar gwamnati. Ta ce, "Wallahi Khala, iska ce ta tura shi."

"Iskar da ba ta ɗaga gyalenki ba? Zauna ki sha shayi, ɓarauniyar layi."

A nan ake jin wa ta haihu, wa ta yi yaji. Mu muna tsine wa layin nan, ita kuwa nan kaɗai take samun mai kiran sunanta.

Sai aka haɗe ƙasarmu ta Kudu da ta Arewa, mulkin jam'iyya ya ƙare. Aka sayar wa wani ɗan kasuwa daga garin Ta'iz na Arewa kantin, Ƙa'id sunansa, ya cika shi da kaya har rufi. Aka rufe masana'antar su Ulfat, ta koma tallan turaren wuta gida-gida.

Ranar da aka buɗe, Nagiba ta zo ta ajiye dutsenta a bakin ƙofa.

Ƙa'id ya leƙo yana dariya. "Hajja, shigo mana, babu layi. Mai kuɗi a hannu shi ne na farko."

"Ina jiran mutanena," in ji ta.

Mutanen nata suka zo, suna shiga suna fita, gaisuwa ma a tafe. Ulfat ta wuce da kwandonta a ka.

"Khala, yafe mini. Shinkafar yanzu ba jira take so ba."

Shayin ya huce a buta. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Wata safiya ta tarar da wani dutse kusa da inda take ajiye nata. Yarana, ku ga yadda tsohuwar nan ta juya gida da sauri! Ta ƙaro kofuna, ta sake dafa shayi. Ta zauna tana kallon dutsen. Babu lalle, babu tsumma. Ta ce a ranta, ƙila baƙuwa ce a unguwar, za a koya mata.

Wajen azahar wani ɗan dako ya turo amalanke cike da buhuna. Ya sunkuya ya ɗauki dutsen, ya tokare tayarsa da shi.

Ta jima tana kallonsa. Sai ta zuba shayi ta miƙa masa. Ya shanye a tsaye, ya sa hannu aljihu.

"Nawa ne, Hajja?"

Ta ɗauki dutsenta ta shiga kantin, ta sayi sukari, kafin ka ce me ta fito.

Daga ranar nan, da dutsen take tokare ƙofar ɗakinta, ta bar ta a buɗe, ko wani zai wuce ya ji ƙamshin shayi. Mukan shiga, in mun samu sarari. Sararin ne ya yi wuya a shekarun nan.