Notin Ƙarshe na Sannu-Sannu

Ranar Talata, sha bakwai ga watan Safar, da hantsi, ina kwance ƙarƙashin wata motar kaya sai mai walda ya durƙuso ya ce, "Baba Guduma, fito. Sannu-Sannu ya rasu." Na ce masa ƙarya ne, jiya-jiya na hango shi yana shafa wa ƙarfe mai. Sannu-Sannu, ya ce a bencin garejinka ka jingina, ka nemi ruwa, kafin a kawo ruwan ka cika. Allah ne Ya ba mu aronka, Ya karɓi abinSa, mu ma can muka nufa. Amma sai na faɗa: na girme ka da shekara biyu, nan ɗin ma sai da ka riga ni.

Ban yi boko ba. 'Yata ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma hana ta gyara mini magana.

Shekara arba'in da ɗaya garejina da naka suna kallon juna, kwata ce kawai a tsakani. Ubangida ɗaya ya koya mana aikin sifirin, wato ƙarafan nan masu lanƙwasa da aka jera bisa juna suke ɗauke da nauyin mota. Canza sifirin ba wuya. Wuyar tana wajen dogon notin da ya ratsa idonsa ya riƙe shi a jikin shasi, ƙashin bayan motar, wanda ruwa da laka suka shekara suna ci har tsatsa ta haɗe shi da mazauninsa. Ni in na same shi, sifana nake sawa, in zura mata dogon bututu, in hau da ƙafa biyu. In ya ƙi, guduma. In ya ƙi guduma, a kawo wuta a yanke. Kai kuwa sai ka goge shi da burushin waya, ka ɗiga masa mai daga wata baƙar kwalba, ka ƙwanƙwasa kamar mai sallama a gidan surukai, ka tafi shan shayi. Ka dawo ka ƙara ɗaure shi kaɗan, sannan ka sassauta. Ni na gama mota uku, kai kana kan noti ɗaya. Duk da haka kai direbobi ke yabo. A bakinsu na fara jin cewa Sannu-Sannu bai taɓa karya noti ba, bai taɓa yanke shi da wuta ba. Na yi shekaru ina kasa kunne in ji ranar da za ka karya. Ni da ba na manta komai a layin nan, da ta faru da na riƙe.

Alherinka ma haushi yake ba ni. Shekarar da na karya noti a cikin mazauninsa a motar ɗaukar yashi, mai motar na tsaye yana zagina, ka tsallako da kayan aikinka kamar aron sifana ka zo. Ka kwanta gefena, ka huda guntun ka zaro shi, ka fito kana kaɗe riga kana cewa, "Guduma ya riga ya gama, riƙe masa kawai na yi." Ban gode maka ba. Kwana uku ban amsa gaisuwarka ba. Da bayana ya riƙe na yi wata biyu a kwance, kai ka riƙa yi wa direbobina aiki a cikin garejina bayan sun ajiye mota sun tafi, don kada su saba da hanyar naka. Da na warke biyu daga cikinsu suka ce mini, "Baba, hannunka ya yi laushi da ka yi ciwo, motar shiru take." Na haɗiye yabon, ban ce musu aikinka ba ne.

Na tabbata sirrin yana cikin kwalbar nan. Na tambaye ka ya fi sau goma. Kullum ka ce, "Kananzir ne da man birki, Guduma. Sauran jira ne." Ni kuma in ce, "Riƙe abinka, mugu, a binne ka da shi."

Ranar jana'izarka na ƙirga sahu. Ban kamata ba, amma na ƙirga, na kuma san nawa ba za su kai haka ba.

Bayan kwana uku mai ɗakinka ta aiko a kira ni. Ka bar tsohuwar tankar ruwa a kan jak, sifirin na baya a kwance rabi, noti ɗaya ya ƙi fita. Direban ya matsa, ya riga ya kira mai walda. Ta ce daga bayan labule, "Yaya, ƙaninka bai taɓa sa wa noti wuta ba. Kada a fara a garejinsa yana kwana uku a ƙasa." Ta miƙo mini kwalbar.

Na buɗe na shinshina. Kananzir ne da man birki.

Na shiga ƙarƙashin motar, na ga notin ya kumbura da tsatsa, ja wur. Direban ya sunkuyo ya ce, "Baba Guduma, ka ba shi irin naka mana mu tafi. Ai ko marigayin ya gagare shi." Wallahi sai da maganar ta yi mini daɗi. Da na ɗora bututu na taka sau ɗaya, da ya karye, da an ce a ƙarshe an samu notin da ya fi ƙarfin Sannu-Sannu, kuma ba wanda zai ga laifina. Na ɗauko bututun. Na zura. Sai na lura ka maida kan notin baibai a bakinsa don kada guduma ta taɓa haƙoransa, ka kuma sa ƙaramin jak a ƙarƙashin sifirin ka ɗage shi kaɗan don nauyi ya sauka daga kansa. Ashe ba gagarar ka ya yi ba. Kana tsakiyar aiki aka kira ka.

Na zare bututun na jefar. Na ce wa direban ya dawo jibi. Ya ce, "Kai ma ka kamu da ciwon nasa?" Na ce, "Uwaka ce ta kamu. Tafi."

Kwana biyu ina ɗiga mai ina ƙwanƙwasawa ina zama a bencinka, hannuna na ƙaiƙayi. Ran nan da la'asar na ƙara wa jak taku ɗaya, na ɗaure notin kaɗan, na sassauta. Ya yi ƙara siririya, ya juya. Da yatsu biyu na ƙarasa zaro shi, lafiyayye, ko haƙori ɗaya bai ci ba.

Direban ya karɓa ya ɗaga sama, masu gareji suka taru. Ya ce, "Kun gani? Man da marigayi ya zuba ne ya yi aiki. Allah Ya jiƙan Sannu-Sannu, ko a kabari bai karya noti ba!" Kowa ya ce amin. Ba wanda ya dubi inda nake. Na buɗe baki zan ce aikin kwana biyun nan na wane ne, sai na ga mai ɗakinka a bakin ƙofar gidanka da ke jikin garejin tana share ido da gefen mayafi. Na ce amin tare da su. Har yanzu abin yana ci mini rai, ba zan yi maka ƙarya ba.

Allah Ya jiƙan ka, ƙanena. Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da jikokinka, da duk direban da ya taɓa jiran ka ka gama shan shayi. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya tsaya muku inda ya tsaya muku. Ni kuwa, duk wanda ya karanta wannan ya roƙa mini Allah Ya wanke mini zuciya game da bawan nan naSa kafin a kai ni kusa da shi, don na gwada da kaina ban iya ba.