Yadda Anti Almakashi Ta Yanke Babi Na Huɗu

Kafin ta zo wajenmu, Anti Almakashi ta yi shekara goma sha ɗaya tana buga takardu a ofishin wani lauya mai son dogon zance. Zai karanto mata wasiƙa mai shafi uku, ta buga shafi ɗaya da rabi, ya sa hannu bai lura ba. Mutane suka riƙa yabonsa wai ya iya taƙaita magana. Ita kuwa ko tari ba ta yi ba.

Tana da shekara arba'in ta shiga ajin ƙarshen mako na koyon rubuta manhaja. 'Ya'yanta suka sha dariya, babbar har tana cewa, "Umma, ke da wayarki ma sai mun saita miki?" Bayan shekara uku ta samu aiki a kamfaninmu, ta koma ita ke saita musu nasu wayoyin, tana yi tana goranta musu.

Kamfanin ƙarami ne. Mu tara ne a hawa na biyu, a saman shagon wani tela, muna yin manhajar da shagunan magani ke duba abin da ya kusa lalacewa a kan kantarsu. Teburina na manne da nata. Ban da rubuta manhaja, an damƙa mata Jagora, wato dogon bayanin da duk sabon ma'aikaci yake bi ya shirya kwamfutarsa ya fara aiki. Cikin wata biyu ta rage kashi ɗaya cikin uku, daga nan sunan Almakashi ya bi ta. Ko a gida haka take. Mijinta, malamin firamare da ya yi ritaya, yana da gwangwani cike da makullan kwaɗunan da suka ɓace tun ana haihuwar yaran. Ta ce mana duk mako tana zare ɗaya ta jefar, shekara biyu ke nan, bawan Allah bai gane ba, sai dai ya ce gwangwanin ya yi masa daɗin ɗauka.

Abu ɗaya ne ya gagare ta: Babi Na Huɗu.

Shafi goma sha huɗu ne, duk a kan wata tsohuwar manhaja da ke harhaɗa aikinmu ta mayar da shi abin da za a kai wa masu shago. Maigida, mai kamfanin, shi ya ƙirƙire ta da hannunsa lokacin kamfanin daga shi sai fanka. Ya raɗa mata suna Walƙiya. Mu a bayan idonsa Kunkuru muke ce mata. Shekara biyar ke nan da daina amfani da ita, yanzu umarni ɗaya ake bugawa a gama komai kafin shayi ya huce. Amma babin na nan daram, har da hoton Maigida da sumarsa ta da.

Sau uku Anti ta nemi izinin cirewa. Sau uku yana dafa ƙirji ya ce, "Haba Hajiya, tarihi ne fa. Me ya tsare miki?"

Sai aka ɗauki sabuwar ma'aikaciya, Maman 'Yan Biyu, ƙwararriya ce da ta baro wani babban kamfani, mai kunya da gudun yawan tambaya. Ta buɗe Jagora ta bi shi tiryan-tiryan. Kwana uku tana fama da shi ita kaɗai. A rana ta uku Anti ta fito za ta wanke kofi, ta tarar da ita durƙushe a ƙarƙashin matakala tana haska fitilar waya.

"'Yar uwa, lafiya? Ɗan kunne ne ya faɗi?"

"Koren maɓalli nake nema, Anti. Shafi na shida ya ce in danna."

Anti ta tashe ta, ta kaɗe mata ƙurar gwiwa, ta nuna mata umarnin nan guda. Sannan ta dawo ta zauna tana murmushi ita kaɗai. Na san wannan murmushin. Na ja kujerata gefe.

Ran Litinin a taron safe, bayan kowa ya gama rahotonsa, ta ɗaga hannu a ladabce.

"Yallaɓai, na yi tunani, kai ke da gaskiya a kan Babi Na Huɗu. Laifinmu ne da ba mu iya koyar da shi ba. Me zai hana mu ɗauki bidiyo kana bin sa da kanka, daga farko har ƙarshe? Sababbi su gani daga bakin mai shi."

Maigida ya gyara zama, fuska ta washe. "Kin ga magana! Awa ɗaya ta ishe ni."

Ran Laraba Maigida ya zo da sabuwar riga da sabon aski. Anti ta kawo kwamfutar da ba a taɓa sa mata komai ba, ta haɗa ta da babban allon bango don kowa ya gani. Dogo, wanda ke gwada mana manhaja kafin ta fita, aka ba shi riƙon kyamara. Anti ta zauna a gefe da Jagora a buɗe, tana karantowa da muryar mai labarai.

Mataki na ɗaya da na biyu suka wuce lafiya. Na uku ya ce a sauko da wani abu daga wani adireshi. Maigida ya buga. Shafin ya buɗe, sai ga tallan takalman mata cike da allo.

"Za mu yanke nan," in ji shi.

"In sha Allahu, Yallaɓai. Mataki na huɗu: je ka ƙarƙashin matakala, ka danna koren maɓallin babbar na'ura."

Muka ɗunguma gaba ɗaya, Dogo na gaba da kyamara. Babbar na'urar tana nan kuwa, amma ba a ƙarƙashin matakala ba. Tana lungun shayi, an shimfiɗa mata leda mai furanni, butar lantarki da gwangwanin sukari na zaune a kanta. Maigida ya ɗage ledar, ya danna maɓallin. Shiru. Ya sake dannawa da ƙarfi. Cokali ya faɗo.

Maigida ya fara gumi. "Wuce gaba, Hajiya."

"Mataki na biyar: idan na'urar ta ƙi tashi, kira mai kula da ita a wannan lamba."

Mai kula da ita ya bar aiki tun kafin yawancinmu mu zo. Amma Anti ta riga ta danna lambar a wayar ofis, ta sa a lasifika. Aka ɗauka. Ƙarar keken ɗinki ta cika ɗakin.

"Wa ke magana? In maganar koren maɓalli ce, wallahi na gaji!" Telan ƙasa ne. Ashe layin ya koma hannunsa tun da daɗewa. "Duk shekara sai wani ya kira ni. Ta makon jiya har haƙuri na ba ta, don na ji kamar za ta yi kuka."

Maman 'Yan Biyu ta rufe fuska da mayafi. Dogo na ta dariya, hawaye na zubo masa. Maigida ya tsaya da ledar furanni a hannu, ya dubi allon, ya dube mu.

"Shafi nawa suka rage?"

"Takwas, Yallaɓai. Na gaba ma ya fi daɗi."

Ya ajiye ledar. Can ya fashe da dariya, har ya zauna a kan babbar na'urar. "Ke dai Allah ya shirye ki. Cire. Amma ki bar mini hoton."

"Hoton zan sa a bango, a inda baƙi za su gani."

Ba ta bari ya tashi ba sai da ya amince da gyaran a rubuce. Shafi goma sha huɗu suka koma layi uku. Ta rubuta dalilin gogewa a taƙaice: "An cire bayanin Walƙiya. Ta yi aiki, ta huta."

Sai dai ba ta tsira gaba ɗaya ba. Bayan mako biyu wata dattijuwa mai shagon magani a wani gari mai nisa ta kira, wai manhajarta na nuna duk maganin shagon ya lalace tun bara. Ita ce kaɗai ta ƙi sabunta tata, don ta ce ta saba da launin tsohuwar. Aka rasa wanda ya san gyaran. Maigida ya leƙo daga ofishinsa yana shafa gemu.

"Shafi na goma sha biyu," ya ce a hankali. "Layi shida ne, a kan kwanan wata. Da a ce akwai shi."

Anti ta tono tsohon babin daga ma'ajiyar aikin, inda ba abin da ke ɓacewa ko an goge shi. Layi shidan na nan, kuma sun yi magani cikin minti goma. Ta mayar da su Jagora ƙarƙashin sabon kai, ta je har ofishinsa ta ce, "Yallaɓai, shida cikin ɗari huɗu, ka ci." Mako guda ya yi yana gaishe ta da, "Ina kwana, shafi na goma sha biyu?" Ita kuma tana amsawa, "Lafiya lau, koren maɓalli."

Tun daga nan ta kafa doka. Kowane babi yana ɗauke da sunan mai shi da ranar da aka gwada shi na ƙarshe. In ya yi wata shida ba a taɓa ba, za ta zo da kujerarta ta zauna kusa da kai, ka bi naka rubutun a gabanta tana karantowa. Kafin ta goge komai kuma sai ta tambayi kowa, har da masu amsa kiran shaguna.

Yanzu ta haura hamsin, tabarau biyu take sawa, ɗaya a ido ɗaya a goshi, kuma tana koya wa matan unguwarsu uku aikin a falonta ran Asabar. Makon jiya na ji ƙarar kujera na matsowa wajena. Babi na bakwai nawa ne, na rubuta shi ina sabon zuwa, har da barkwanci a ciki.

"Ƙanena," ta ce, tana goge tabarau, "kana da awa ɗaya?"

Na ce mata ina da ciwon kai.

"Ba komai. Ni zan karanta, kai dannawa kawai za ka yi."