Geron Gonar Baba

Aikina a Damagaram shi ne duban gonakin mutane daga sama. Tauraron ɗan'adam ya ɗauko hoto, ni kuma in zauna gaban ordinata, wato kwamfuta, a biro, ofishinmu, duk gonar da aka daina nomawa in shafa mata ja a taswira. Ban taɓa jin zafin aikin ba sai da aka miƙo mini yankin Gure.

Can ne garinmu, bisa tudu, ta hanyar Kelle. Kowace kaka Baba yakan aiko mini buhun gero a mota, da saƙo a bakin direba: na gonarmu ne, a dama wa yara fura. Ni kuwa na ishi abokan aiki da cika baki, wai babu gero irin namu.

Na nemo gonar. Ga kwarin dabino, ga tsohuwar rijiya, ga inda ya kamata ta kasance: rairayi fari fat. Na koma hotunan shekarun baya, haka dai. Rairayi ya daɗe da cinye ta. To, geron wa nake ci?

Ni ba mai haƙuri ba ce, sai na shiga mota zuwa garinmu. Turken shanu na fara gani, wayam. Inna ta kau da kai ta ce kowace kaka sai an kai ɗaya kasuwar Gidigir.

Na iske Baba a zaure yana tufkar igiya.

"Haba Baba! Shanunka kake sayarwa kana saya mini gero? Na ga gonar, babu komai sai rairayi!"

Bai ɗago ba. "Wa ya gaya miki?"

"Hoto, daga sama."

"Maƙwabta sun sani, sun rufa mini asiri. Uwarki ma ta sani. Wannan abin naku ne kawai ba shi da kunya." Ya ja igiyar. "Ni manomi ne, ƴar nan. In ban aika miki gero ba, mene ne ni?"

Na koma na shafa wa gonarmu ja. Shugaban biro ya yaba, wai taswirar ta fito tsaf. Tsaf! Har yau ina jin haushinta. Tana nan rataye a bango, ko kwano ɗaya na rairayi ba ta kwashe ba.

Da kaka ta zagayo na je tasha kamar kullum. Direba ya buɗe hannuwa, babu buhu: Baba ya ce a gaishe ni, a gai da yara. Tun daga nan, in baƙo ya tambayi Baba sana'arsa, sai ya ce zaune yake.