Rubutun Jikin Kwalin Filas

Ni 'yar unguwar Fezzan ce. Da na gama sakandare, sai na zauna a shagon yayana a Gomari, ina buga wa mutane takardu. A lokacin ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba.

Matan da ke zuwa sari China suna yawan shigowa, a bakinsu na tsinci abubuwa. A can, da waya ake biyan kusan komai, har jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa. Manhajojin hirarmu ba sa buɗewa sai an yi shiri tun daga gida, fasfo kuma ba ya barin jikin mutum. Sai na fara maimaitawa kamar na gani da idona. Wata ta ce, sau nawa kika je Guangzhou? Na ce biyu. Wallahi ko Kano ban taɓa wucewa ba.

Daga nan na zama ejan, mai shirya wa mata tafiya. In karɓi kuɗin masauki, in ce na kama ɗaki, alhali ban kama komai ba.

Hajja Falmata aminiyar mahaifiyata ce, mai ciwon suga, tafiyarta ta farko ke nan. Ta ce, "Ke 'yar boko, an ce direbobin can ba sa jin Turanci. To mun yi daidai, ni ma ba na ji! Rubuta min adireshin otal ɗin da rubutunsu."

Haka ake yi kuwa, direba rubutunsu yake karantawa. Amma ni babu otal, kuɗinta kawai na karɓa. Na waiga na ga kwalin filas, na kwafi zanen rubutun China da ke jikinsa, na liƙe mata a leda.

Wuni guda ta yi a bakin filin jirgi tana miƙa wa direbobi, suna dariya suna wucewa. Waya ba ta aiki, ba ta ci komai ba, har ta faɗi. Wata 'yar kasuwa daga Nijar ce ta ɗaga ta, ta sa aka karanta musu takardar: "Abu mai fashewa, a riƙe a hankali."

Da ta dawo, sauran matan da na karɓi kuɗinsu suka kai ƙara. Ranar da aka wuce da ni gidan yari, mahaifiyata ba ta ɗaga kai ba.

Da aka sake ni, na je Umarari na durƙusa gaban Hajja. Ta ce, "Kuɗin na yafe. Amma duk direban da ya yi dariya, sai in ce masa 'yata ce ta rubuta, ba ta kuskure. Wannan kam ki ba ni lokaci."

Na tuba, ina roƙon Allah gafara. 'Yan uwana matasa, in an tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. Mai tafiya kuma ya karɓi adireshi daga otal ɗin kansa, ya sa wanda ya iya yaren ya karanta masa kafin ya hau jirgi.

Duk Juma'a ina zuwa gaishe ta. Tana amsawa, amma har yanzu ba ta ce in shigo ɗaki ba.