Ƙafar da Ba Ta Ciwo

Tun da wata ɗalibata ta buɗe kwalbar man zafi a aji ɗazu na kasa zama wuri ɗaya. Ƙamshin tafin kawuna ne sak, ga shi yau shekara biyu da rasuwarsa.

Mai ɗori ne tun a gida, kuma yana da wata ɗabi'a da ke ƙona min rai: ƙafar da ba ta ciwo yake fara kamawa. Wata Asabar na kai masa wani ɗan tsere har ɗakinsa a unguwar Glenwood, nan ƙasar waje da muke zaune. Likita ya ce gwiwarsa ta warke, amma ya ƙi komawa fili. Kawu ya ɗumama man a tafinsa, ya kama lafiyayyar ƙafar yana murzawa a hankali.

"Kawu, ɗayar ce fa," na ce, ina duba agogo.

"Na sani. Tambaye shi, wa yake tunawa idan ya tsaya a bakin layin tsere?"

Na fassara masa da Turanci. Sai hawaye suka zubo wa ɗan tseren. Mahaifinsa ne, wanda ya daina kiransa a waya tun ranar da ya faɗi a fili.

Yanzu ni ke koyar da masu kula da raunin 'yan wasa. Ɗalibaina sun ƙware da naɗa bandeji, amma ba sa ɗagowa su dubi fuska. Jibi za su fara fita fili, ni kuwa sai safa da marwa nake a ofis. Yaya zan koya musu haƙurin da ni ma ban yi ba ranar?

Allah Ya sanyaya makwancinka, Kawu, Ya cire mana gaggawa daga hannu, Ya fara da nawa.